Idan likita ya canja maka maganin zuciya: abin da muka gani da Babanmu

Ranar da likita ya ɗauki biro ya soke magunguna biyu a katin Babanmu ya rubuta wasu sababbi, tun muna cikin adaidaita sahu kan hanyar gida Baba yake ta cewa "to shi kenan, ciwo ya ci gaba." Shekara kusan takwas yana shan amlodifin da Moduretic saboda hawan jini, ya saba da su har kalar kwalin ya haddace, sai ga shi rana ɗaya an ce ya ajiye su. Ni kaina gabana ya faɗi a ranar. Wata shida da suka biyo baya su suka koya mana cewa canjin magani wani aiki ne mai zaman kansa, kuma wahalarsa ba a ofishin likita take ba, tana gida da kasuwa da masallaci, wurin da likita ba ya nan.

Bari in fara da dalilin canjin, don nan ne mutane suka fi rikicewa. Baba ya fara haki idan ya hau ɗan tudu, ƙafafunsa suka kumbura har takalmin da yake zuwa Juma'a da shi ya daina shiga, da daddare kuma sai ya tara filo uku kafin ya iya barci. Aka yi masa hoton zuciya wanda suke ce wa eko, aka ga zuciyar ta buɗe kuma ba ta matsa jini da ƙarfi kamar da. Wanda ya taɓa ganin injin ban ruwa a fadama zai gane abin da sauri, idan injin ya yi rauni ruwa ba ya tafiya gaba, baya yake taruwa, to haka jini da ruwa suke taruwa a huhu da ƙafa. Magungunan da yake sha da farko aikinsu sauke hawan jini ne kawai. Yanzu kuma ana neman waɗanda za su rage wa zuciyar kaya su hana ta ƙara lalacewa, shi ya sa aka sa masa Lasix da lisinofiril, bayan kumburin ya sauka aka ƙara bisofrolol, daga baya Aldactone ya shigo.

Kuma ba a ba da su duka lokaci ɗaya da cikakken ƙarfinsu. Bisofrolol misali daga miligiram 1.25 ake farawa ga mai raunin zuciya, ana ɗagawa a hankali bayan kowane mako biyu ko fiye idan jiki ya ɗauka, har a kai 10 ga wanda ya iya kaiwa. Saboda haka duk zuwa asibiti sai an taɓa katin, shi kuma Baba duk lokacin da aka ƙara sai ya ɗauka ciwon ne ya ƙaru, alhali ƙarin ma alama ce jikinsa ya karɓi na farko. Na so a ce tun ranar farko wani ya zaunar da mu ya yi mana wannan bayanin, amma layin marasa lafiya a ranar ya kai bakin ƙofa, minti goma ma likitan bai samu da mu ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Maƙwabcinmu da ya zo dubiya ya ce wa Baba ya koma amlodifin ɗinsa kawai, shi ma shi yake sha kuma ya karɓe shi. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, don amlodifin magani ne mai kyau ga hawan jinin baƙar fata. A 2019 an fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna CREOLE wanda Dakta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta, mutum 728 a ƙasashen Afirka shida har da Najeriya da Kamaru, aka ga haɗin magunguna biyu da akwai amlodifin a ciki ya fi sauke jini. Amma wancan kan hawan jini zalla aka yi shi, Baba kuma ya wuce nan, kuma amlodifin ɗin ma yana kumbura idon sawu da kansa, sai a kasa gane kumburin daga zuciya ne ko daga magani. Ciwon maƙwabci daban na Baba daban ko da duk "hawan jini" ake kiransu a unguwa.

Lasix ne ya fara ba mu wahala, wanda tsofaffi suke ce wa maganin fitsari. Idan ka sha shi cikin rabin awa zuwa awa ɗaya zai fara aiki, kuma yana ɗaukar kamar awa shida yana kora ka bandaki. Baba ɗan kasuwa ne, hatsi yake sayarwa, shagonsa da gidan wanka akwai tazara kuma kowane shiga sai an biya, ga ciniki ana tsaka da shi fitsari ya matso mutum. Satin farko bai ce wa kowa komai ba, kawai sai muka lura katin Lasix ɗin ba ya raguwa sai ranar da bai fita ba. Da na tambaye shi, "Baba kun sha na safen kuwa?" sai ya ce ai yau akwai fita, gobe ya sha. Kwana goma ƙafa ta dawo kamar da. Kuma abin da ya fi damunsa ma, wanda sai daga baya ya faɗa wa Umma, alwala ce, mutumin da yake riƙe alwala ɗaya daga azahar zuwa magariba yanzu kullum buta a hannu, yana jin kamar an rage masa wani abu a mutuncinsa.

Da muka koma muka faɗa wa likita yadda abin yake, gyaran bai ɗauki minti biyu ba. Ya ce Baba ya sha da zarar ya idar da asuba, wajen biyar da rabi, kafin ƙarfe goma ƙarfin maganin ya lafa sai ya fita kasuwa. Ranar Juma'a ma haka, kafin lokacin masallaci ya gama aikinsa. Idan tafiya ce ta kama da sassafe, ya jinkirta har ya sauka sannan ya sha, amma kada ya kai yamma don zai hana shi barci, kuma kada ya tsallake ranar gaba ɗaya. Wallahi abin ya tsaya min a rai, kwana goma na kumburi da haki a kan abin da tambaya ɗaya za ta warware. Mu mutanenmu akwai kunyar likita, ana shiga a ce "da sauƙi alhamdulillah" a fito, alhali ba a shan rabin maganin.

Sai jiri. Wannan ya zo bayan an haɗa lisinofiril da Lasix kuma ana cikin zafin watan Afrilu. Wata rana a sallar la'asar ya ɗago daga sujada zai miƙe, idonsa ya rufe, da ba don wanda ke kusa da shi a sahu ya riƙe shi ba da ya faɗi. Abin da ke faruwa shi ne idan mutum ya miƙe jini yana sauka ƙafa, jiki kuma yakan matse jijiyoyi nan take ya mayar da shi sama, to waɗannan magungunan suna sassauta jijiyoyin ga kuma ruwa ya ragu a jiki, sai ƙwaƙwalwa ta ɗan rasa jini na 'yan daƙiƙu. Yawanci makonnin farko ne ya fi tsanani sai jiki ya saba. Ya koyi zama a bakin gado kamar minti ɗaya kafin ya miƙe da safe, a salla kuma ya ɗan zauna tukuna ya dafa sannan ya tashi, kwanakin da jirin ya yi yawa ya yi sallarsa a zaune, kuma ai hadisin Imrana ɗan Husaini sananne ne, a tsaye in ba a iya ba a zaune. Likita ya mayar da lisinofiril zuwa dare ya rage Lasix kaɗan saboda zafin, abin ya yi sauƙi. Amma a bambance, jiri na ɗan lokaci idan an miƙe daban, suma ko faɗuwa daban, wannan na biyun ba a jira ranar komawa asibiti.

Tarin lisinofiril kuwa mun sha wahala kafin mu gane shi. Busasshen tari ne mai ƙaiƙayi a maƙogwaro, ba majina, ya fi tashi da daddare. Muka yi ta zuma da citta da lemon tsami, ƙanena ya sayo ruwan maganin tari kwalba biyu, har an fara maganar a je gwajin tibi. Ashe sananne ne, wannan rukunin maganin yana sa wasu mutane tari kuma babu maganin tarin da ke kashe shi, sai dai a canja. Aka mayar da shi losatan, tarin ya ɗauki kusan sati uku kafin ya tafi gaba ɗaya, a wasu ma yakan fi haka. Kuskuren sayo maganin tari da mura a kemis shi ne da yawansu suna ɗauke da abin buɗe hanci wanda ke ɗaga jini ya sa zuciya gudu. Akwai kuma abu ɗaya game da lisinofiril da danginsa da ya kamata kowa ya sani, idan leɓe ko harshe ko fuska suka kumbura bayan an fara shi, a daina a tafi asibiti a lokacin, don yana iya toshe numfashi kuma ya fi samun baƙar fata.

Bisofrolol shi ne mai buƙatar haƙuri. Yana rage gudun zuciya don ta samu hutu, sai mutum ya ji kasala, jiki ya mutu, hannu da ƙafa su yi sanyi, wani ma ya ji kamar hakin ya ɗan ƙaru a farko. Baba ya ce wannan ƙaramar ƙwayar ita ce ta kashe masa jiki, ya so ya yar da ita. Amfaninta kuma ba ya fitowa sai bayan watanni, ga shi tana cikin magungunan da aka tabbatar suna tsawaita rayuwar mai raunin zuciya. Kuma ita ce ba a yanke ta farat ɗaya, wanda ya daɗe yana sha idan ya daina kwatsam zuciya na iya tashi da gudu, mai toshewar jijiyar zuciya ma abin na iya kai shi ga mummunan ciwon zuciya na farat ɗaya. Don haka ko ƙarewa za ta yi a sayo kafin ta ƙare. Mun koyi ƙirga bugun a wuyan hannu, idan ya sauka ƙasa da 50 a minti kuma ga jiri ko kasala mai tsanani, a kira likita.

Gwajin jini da ake cewa a yi bayan sati ɗaya ko biyu da fara losatan ko Aldactone, mutane da yawa suna ganin neman kuɗi ne kawai. Ƙoda ake dubawa da sinadarin fotashiyam, don magungunan biyu suna tara shi a jini, idan ya yi yawa kuma ba ya ba da wata alama sai dai ya rikita bugun zuciya. Haka idan gudawa ko amai suka kama mai shan waɗannan magungunan da Lasix, a tuntuɓi likita a ranar, sau da yawa yakan ce a dakata da su kwana ɗaya ko biyu har ruwa ya dawo jiki, in ba haka ba ƙoda ce za ta ji a jikinta. Aldactone kuma yakan sa wasu maza ƙirjinsu ya yi tsami ko ya ɗan tasa, a faɗa wa likita ba abin kunya ba ne.

Abin da ya fi ba ni tsoro a duk wannan tafiyar maganin ciwon jiki ne. Baba yana da ciwon gwiwa, ya saba aika yaro kemis a haɗo masa, a ba shi ƙwayoyi huɗu biyar a ƙulle a leda ba suna ba komai. A cikin irin haɗin nan kusan kullum akwai diklofenak ko ibufurofen ko Felvin, su kuma suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna rage ƙarfin Lasix, idan suka haɗu da losatan da maganin fitsari kuma ƙoda ce a tsakiya. Sati ɗaya ya yi yana sha muka ga nauyinsa ya hau ba mu san dalili ba, sai da Umma ta ga ledar a aljihun rigarsa lokacin wanki. Yanzu farasitamol kawai yake sha sai man shafawa. Tunda ana maganar kemis, maza masu shan maganin ciwon ƙirji irin na sakawa ƙarƙashin harshe su yi nesa da maganin ƙarfin maza, haɗuwarsu tana iya faɗar da jini ƙasa warwas, kuma wasu na kwalba da ake cewa na gargajiya ne an sha samun an zuba musu na bature a ciki.

Kicin ma sai da ya canja, kuma a nan Umma ce ta ɗauki nauyin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da mutum zai ci a yini ya kai giram 5, kamar ƙaramin cokali ɗaya kenan, duka-duka har da wanda ke cikin burodi da magi da yaji. Mu kuma miya ɗaya sai a jefa magi biyar a ƙara gishiri a ƙara farin magi. Da farko tukunya biyu ake ɗorawa, Baba yana cin nasa yana kallon namu, daga baya Umma ta ce ba za ta iya ba, ta rage wa kowa, ta ƙara daddawa da tafarnuwa da citta da albasa, cikin wata ɗaya harshen kowa ya saba. Kanwa ma sodiyam ce irin na gishiri, wadda ake sa wa wake da miyar kuka da kuɓewa, a rage ta sosai. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yadda ciwon zuciyar masu jego ya yi yawa a yankin, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gadon da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, har yau kuma ana ganin wannan ciwon sosai a Kano da Sakkwato da Katsina. Mace mai wannan lalura da aka ɗora kan lisinofiril ko losatan ta sani ba a shan su da juna biyu don suna cutar da jariri, idan ana shirin ciki ko ya shiga a je a canja. Masu shan wafarin kuwa, maganin tsinka jini, ba a hana su zogale da alayyahu ba, abin da ake so kada yau a ci kwano guda sannan a yi wata ba a ci ba, don ganyen yana rage ƙarfin maganin, a riƙe ci ɗaya kuma a riƙa zuwa gwajin jini.

Azumi ne aka fi yin ja-in-ja a kai. Baba tun yana ɗan shekara goma sha biyu bai taɓa shan azumi ba, ace masa ya ajiye kamar an ce ya bar wani sashe na jikinsa ne. Shekarar farko an yi canjin ana saura 'yan makonni, likita ya ce a'a, jiki bai daidaita ba ga zafi, Baba ya yi shiru bai ce komai ba har muka dawo gida, sai da wani malami abokinsa ya zo ya zauna da shi ya tuna masa rangwamen da Allah ya yi wa mara lafiya a cikin Suratul Baƙara sannan hankalinsa ya kwanta. Shekara ta biyu mun je wata guda kafin azumi, aka duba ƙoda, aka tsara masa wanne da buɗa baki wanne da sahur, aka rage Lasix, aka ce duk ranar da jiri ya yi tsanani ya karya. Ya yi ashirin da uku ya rama sauran da sanyi. Mutane da yawa masu ciwon da ya lafa suna iya azumi lafiya, kuskuren shi ne mutum ya tsara wa kansa, ya haɗa na safe da na dare ya watsa a baki lokacin shan ruwa.

Maganar kuɗi ba zan tsallake ta ba. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, shekarar da kamfanin magunguna na GSK ma ya sanar da rufe harkarsa a Najeriya, farashin magani ya yi tashin da kowane mai jinya ya ji a aljihunsa. Na san gidajen da ake raba ƙwaya biyu ko a sha yau a huta gobe don kati ya kai ƙarshen wata. Gara a faɗa wa likita ko mai famasi gaskiya cewa ba a iya saye, sau da yawa akwai irinsa na wani kamfani mai sauƙi, kuma ya san wanne ne ba ya ɗaukar wasa. A duba lambar NAFDAC a jikin kwali. Sai dai canjin kamfani shi ma yana da tarko, kwali ya canja kala ya canja suna alhali maganin ciki ɗaya ne, mun taɓa samun Baba yana shan bisofrolol na kamfani biyu tare kwana uku yana zaton daban ne, bugunsa ya sauka 48. Ƙaramin sunan da ke ƙasan babban shi ake karantawa, da adadin miligiram. Kuma duk wanda likita ya soke a fitar da shi daga ɗakin gaba ɗaya, don ragowar Moduretic ma sai da muka tsinta a ƙarƙashin katifa an ajiye "ko za a buƙata."

Abin da ya fi taimakonmu littafin makaranta ne mai shafi arba'in da sikelin bandaki. Kullum da safe bayan ya kama ruwa kafin ya karya, ya hau sikeli ƙanwata ta rubuta, a auna jini da na'urar gida a rubuta da bugun, gefe kuma a sa ko akwai jiri ko haki ko filo nawa ya kwana da su. Likita ya ce idan nauyi ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne ke taruwa, a zo kafin ƙafa ta nuna. Idan an manta ƙwaya ba a ninkawa washegari. Ciwon ƙirji mai danna mutum, ko haki yana zaune, ko tari mai kumfa, ko suma, ko bakin ya karkace hannu ya mutu, waɗannan ko ƙarfe biyun dare ne mota ake nema.

Zuwanmu na ƙarshe muka zube duk kwalayen a teburin likita kamar yadda muka saba yanzu, ya buɗe littafin yana bin layi da yatsa, ya ce "Baba, bisofrolol ɗin za mu ɗaga shi zuwa 5." Na juya ina kallon Baba ina jiran ya ce ciwo ya ci gaba. Sai ya gyara hularsa ya ce, "To likita, da safe zan haɗa da na fitsarin ko in bar shi sai na dawo kasuwa?"